Ƙarfen da Ke Hannun Peni

Sydney, 6 ga Maris, 1991

Goggo Telesia,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, da Baba da gwiwoyinsa, da duk masu cin abinci a gidanmu, har da waɗanda ba a gayyata ba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da barci da ya yi mini yaji. Lafaele ma lafiya lau a jiki. Ya rame, amma ya ce laifin abincin gidan yari ne, wai dankalinsu kamar da ruwan wanki ake dafa shi.

Na san labari ya riga wannan takarda isowa, domin matan cocinmu na nan sun fi gidan waya sauri. To ga yadda abin yake daga bakin wadda ta zauna a kotu. Ranar Asabar ɗin da aka yi wasan ƙwallo tsakanin coci-coci, da yamma, a wurin ajiye motoci, rigima ta haɗa Lafaele da Peni, ɗan Losa ta ƙetaren rafi. A kan ƙwallo, Goggo. Lafaele ya naushe shi sau ɗaya. Peni ya faɗi, ƙeyarsa ta bugi dakalin titi, ya cika a asibiti. Ƙanena, wanda ba ya iya yanka kaza sai ya kau da kai, yau ana tuhumarsa da kisa ba da niyya ba.

Jiya aka karanta masa tuhumar, ya ce bai amsa laifi ba. Kafin ki dafe ƙirji bari in yi bayani. A kotun nan wannan magana ba ta nufin hannunsa bai taɓa Peni ba. Abin da take nufi shi ne: ku kawo hujjarku, ni ma zan kawo tawa. Tasa kuwa ita ce Peni ya buɗe bayan mota, ya ɗauko ƙarfen kwance taya, ya ɗaga masa. Wanda aka ɗaga wa ƙarfe, doka ta yarda ya kare kansa. Za a zaɓo mutum goma sha biyu daga cikin gari su saurari shari'ar. In sun yarda akwai ƙarfe, Lafaele zai fito. In ba su yarda ba, shekaru ne.

Ga inda matsalar take: 'yan sanda ba su ga ƙarfe ba. Wurin cike yake da mutane, duka 'yan coci, kowa Allah ya ba shi ido biyu, amma da aka zo tambaya sai ya zamana kowa yana neman makullin motarsa a daidai lokacin. Mutum ɗaya ne ya zo ya same ni, Uelese, ɗan yayar Losa. Ya zauna a kicin ɗina, ya ƙi shan shayi, ya ce shi ya ɗauke ƙarfen daga ƙasa ya mayar cikin mota, don kada a ce ɗan'uwansa ya mutu da makami a hannu. Ya ce tun ranar bai iya karɓar Jibin Ubangiji ba. Ya ce zai faɗa a kotu. Wannan maganar ta Uelese taki ce ke kaɗai, kada ki karanta wa kowa.

Lauyanmu wani Bature ne mai suna Doyle, ja kamar dafaffiyar ƙaguwa, a tsaye yake cin abincin rana. Ba shi da fara'a, amma ya karanta kowace takarda da 'yan sanda suka miƙa, kuma ya gano sunan Lafaele an rubuta shi iri uku. An sa shari'a watan Yuni. Kafin nan zai rubuta bayanin Uelese ya sa masa hannu, ya nemi likita na biyu ya duba rahoton asibiti, sannan ya koya wa Lafaele yadda ake amsa tambaya.

Ya tambaye ni ko akwai abin da danginmu za su iya yi daga can. Na ce masa akwai mana: Baba ya lulluɓa da tabarmar Kaka ya zauna a ƙofar gidan Losa, shi ke nan magana ta mutu. Sai ya ɗauki biro ya tambaye ni a wace doka aka rubuta wannan.

Ku sa Lafaele a addu'a. Ni tawa ta ɗan yi tsatsa.

'Yarki,
Sieni


Savai'i, 2 ga Afrilu, 1991

'Yata Sieni, Malama mai digiri biyu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya. Gwiwoyin babanki suna nan yadda kika bar su, sai dai yanzu har da ƙara suke yi. Ruwa ya yi yawa bana, jirgin ruwa ya daɗe bai tsallako ba, takardarki ta yi zamanta a birnin Apia kamar mai ziyara.

Na karanta ta a gaban babanki da dattawan gida. Wurin da kika ce in tsallake na tsallake, na yi tari. Da na kai inda kika ce yaron bai amsa laifi ba, sai na karanta bayaninki duka, ban rage ba. Da na gama babanki ya ce, "Yaron Losa yana raye?" Na ce a'a. Ya ce, "Hannun wa?" Na ce na namu. Ya ce, "To mene ne Sieni ta cika takarda tana faɗa?"

Bari in gaya miki abin da ba a koyarwa a jami'a. An kawo gawar Peni ta jirgin sama, an binne shi a ƙofar ɗakin uwarsa, muna jiyo kukan daga nan. Kwana biyu bayan haka aka shiga gonarmu ta tudu aka sare gwaza da ayaba, ko ɗaya ba a ɗauka ba, sarewa kawai. Duwatsu suna sauka kan kwanonmu. Mai motar haya ɗan ƙetaren rafi ne, ya daina ganin hannunmu in mun tsayar da shi. Yaran gidanmu sun daina zuwa makaranta tunda makarantar a can take. Samarinmu kuma suna ta wasa adduna, alhali babu sauran gonar da za a yi wa aiki. Ke kina can kina jiran watan Yuni. Mu nan ba mu san ko za mu kai ƙarshen wata ba tare da gawa ta biyu ba.

Amma maganarki ta ƙarshe ta sanyaya ran babanki. Sai da ya sa na maimaita. Ya ce ashe karatu bai cinye ki duka ba. Lauya ya tambaya, ke kuma kin ba shi amsar da 'yar gidan nan za ta bayar: ifoga, zaman neman gafara a ƙarƙashin tabarma. Mun ji. Na sauko da tabarmar Kaka na shanya ta a inuwa, jan gashin tsuntsun bakinta ko ɗaya bai zube ba. In Losa ta yafe, sai ta janye ƙararta, yaron ya dawo gida ya yi kuka a kan kabarin kamar mutum.

Yana da rigar sanyi? Ki dafa gwaza da madarar kwakwa ki kai masa, in har kin tuna yadda ake yi. Kuma ki daina cewa addu'arki ta yi tsatsa, Fasto yana wurin lokacin da na karanta.

Goggonki,
Telesia


Sydney, 19 ga Afrilu, 1991

Goggo,

Ina gaisuwa, ina gaida Baba. Muna lafiya. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Goggo, ba'a nake yi. Maganar tabarma ba'a ce, irin wadda kike cewa za ta hana ni miji. Don Allah ku dakata. Na buga waya gidan waya na Salelologa har yatsana ya gaji, an ce layin ya lalace tun ruwan nan.

Abu biyu. Na farko, Losa ba ta da ƙarar da za ta janye. Ba ita ta kai ba. A saman takardar kotu sunan Sarauniya ne, wato gwamnati, da na Lafaele, kamar su biyun ne suka yi faɗa a wurin ajiye motoci. Ko da Losa ta zo da kanta ta rungume shi a gaban alƙali, shari'a za ta ci gaba, sai dai a miƙo mata ruwa.

Na biyu shi ne mai hana ni barci. Uelese bai sa hannu ba tukuna. Sau ɗaya an canja masa lokacin aiki a masana'anta, sau ɗaya kuma Doyle yana wata shari'ar. Na yi shekara biyu ina rubutu a kan ifoga don neman digiri, Turawa suka yaba ƙwarai, saboda haka na san abin da ke biyo bayan ɗaga tabarma. Wanda ya lulluɓa ya ɗauki laifin duka, ba rabi ba. Waɗanda suka ɗaga kuma sun yafe, sun rufe baki. Bayan wannan wane ɗan gidan Losa ne zai tsaya gaban baƙi ya ce mamacinsu yana riƙe da ƙarfe? Na san abin da ake yi muku, ban raina ba. Amma ku jira shari'a. Bayan Yuni in kun ga dama ku yi ifoga goma, ni zan zo in ɗauki itacen da ake kaiwa.

Nan aiki yana tafiya. Mun je wurin da abin ya faru da Doyle, ya auna daga motar Peni zuwa dakalin titi, ya durƙusa da kwat ɗinsa yana leƙen ƙasa, masu wucewa suka ɗauka ya yar da zobe. Likita na biyu ya ce naushi ɗaya ne tak, kuma faɗuwar ce ta kashe, ba naushin ba.

Babban aikinmu shi ne idon Lafaele. Ranar farko Doyle ya tambaye shi, "Me kake nema a takalmina?"

Lafaele ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kai babba ne."

Doyle ya ce mutum goma sha biyun nan, in suka ga yaro yana amsa tambaya kansa a sunkuye, za su ce ƙarya yake yi. Shekara ashirin da biyu kina koya masa kada ya kalli babba a ido, ga shi yanzu tarbiyyarki za ta ɗaure shi. Saboda haka duk ranar ziyara ni nake zama lauyan gwamnati. In ce, "Me ke hannun Peni?" Ya ce, "Ƙarfe." In ce, "Kalle ni ka faɗa." Ya ɗago, ya kalle ni, sai dariya ta kama shi. Ya ce, "Yaya, in na saba kallon mutane haka, Goggo za ta fasa mini baki tun daga Savai'i." Na ce gara ta fasa maka baki a gida.

Na saya masa kwat a kantin gwanjo, mai ruwan toka. Hannun ya yi masa gajere. Doyle ya ce ba laifi, mai gajeren hannun riga yana ba mutane tausayi.

Ku jira, Goggo. Ban taɓa roƙonki komai ba tun ranar da na roƙa ki bar ni in tafi karatu.

Sieni


Savai'i, 17 ga Afrilu, 1991

'Yata Sieni,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Ban jira amsarki ba, labarin ya fi ƙarfin jira. Muna lafiya, sai babanki da ke ɗan tari, kuma za ki ji inda ya samo shi.

An yi. Ranar Litinin tun kafin zakara ya yi cara muka haye rafi. Samari suka ɗauki itace da duwatsun murhu da ganyen ayaba suka ajiye a filin gidan Losa, don a san mun kawo kanmu da abin da za a gasa mu da shi in an ga dama. Babanki ya zauna a ƙasa yana fuskantar ƙofa, daf da sabon kabarin. Ni na lulluɓa masa tabarmar da hannuna. Sauranmu muka zauna bayansa, kai a ƙasa.

Da gari ya waye aka tsuge da ruwa. Bayan ruwa rana ta fito da ƙarfinta, tururi yana tashi daga tabarmar. Samarinsu suka fito da adduna suna kewaya mu. Wani ya tofa yawu. Wani ya sari ƙasa daf da gwiwar babanki har laka ta fantsamo mini a fuska. Tabarmar ba ta motsa ba. Sieni, ni na san ɗan'uwana, ko sauro ba ya iya haƙuri da shi, amma ranar kamar dutse aka lulluɓe.

Muna ta jiran mai magana da yawun gidansu ya fito, kamar yadda aka saba. Sai ga Losa da kanta. Ta rame, rigar makoki tana yawo a jikinta. Ta tsaya a kansa har na fara addu'ar masu mutuwa. Sannan ta sunkuya ta ɗaga tabarmar, ta ce, "Tashi, Manase, ƙasa da sanyi."

Ya kasa tashi. Gwiwoyin sun ƙi. Yaron nan da ya sari ƙasa, shi da wani, su suka ajiye adduna suka kama shi suka shigar da shi ciki. A nan ne na yi kukan da ban yi ba tun farkon abin.

An yi jawabai har la'asar. Tabarmar Kaka ta zama tasu, da aladu da sauran abin da ya dace. Shugaban gidansu ya tashi ya ce daga yau magana ta mutu, duk wanda ya ƙara buɗe baki a kan yadda aka yi, a nan ko a Sydney ko a duk inda jininsu yake, ya nemi wani gida. Aka ce amin. Jiya yara sun koma makaranta. Mai motar haya ya tsaya mini tun ban ɗaga hannu ba.

To yanzu ki je ki gaya wa lauyanki mai jan fuska ya rufe takardunsa ya samu kujera ya ci abinci kamar ɗan Adam. Ki rubuto mana ranar da jirgin Lafaele zai sauka, in sa a ajiye alade ɗaya.

Goggonki,
Telesia


Sydney, 12 ga Agusta, 1991

Goggo,

Ina gaishe ki. Yaya tarin Baba? Ni lafiya. Lafaele lafiya. Na daɗe ban rubuta ba, kuma ba ruwa ne ya hana ba.

Takardunmu sun yi saɓani a kan teku. Lokacin da nake rubuta miki ku jira, Baba ya riga ya tashi daga laka.

Taki ta iso ranar Alhamis. Ranar Asabar Uelese ya zo. Wannan karon ko kicin bai shiga ba, a bakin ƙofa ya tsaya yana juya hula a hannu.

Ya ce, "Yaya Sieni, kin ji?"

Na ce na ji.

Ya ce, "Babanki mutum ne. Uwata ta ce laka har ƙugunsa."

Na ce, "Uelese, sa hannu ɗaya ne. Kai ka ɗauke ƙarfen."

Ya ce, "Wane ƙarfe?" Yana faɗa yana hawaye, kamar ƙaramin yaro da aka aika ya yi ƙarya. Ya ce, "Kun lulluɓa, mun ɗaga. Yanzu in je in tona kabarinsa a gaban Turawa? Ina zan kai 'ya'yana in an kore ni daga gida?" Na rubuta wannan tambayar a shafi na tamanin na aikin digirina, can ma ban ba da amsa ba.

Doyle ya ce yana iya sa kotu ta kira shi dole, amma mutumin da bai sa hannu a komai ba zai zo ne kawai ya ce bai tuna ba, kuma babu dokar da ke tilasta wa mutum tunawa. Ya ce saura bakin Lafaele. In ya tsaya ya faɗi abin da ya gani, ido cikin ido, ga rahoton likita, ga shi bai taɓa laifi ba, akwai hanya. Siririya ce, amma hanya ce.

Na ɓoye wa Lafaele labarin ifoga. Na ɗauka ina da wayo. Sai Fasto ya kai masa ziyara ya ba shi a matsayin albishir.

Da na je ya riga ni magana. Ya ce, "Baba da kansa?" Na ce e. Ya ce, "Da gwiwoyin nan?" Na ce e. Ya ce, "Wa ya ɗaga?" Na ce Losa.

Na ce mu yi aikinmu. Na gyara murya na ce, "Me ke hannun Peni?"



Na sake cewa, "Lafaele, me ke hannun Peni?"

Ya ce, "Yaya, Baba ya zauna a laka gaban gari biyu ya ce laifin namu ne. In tashi a kotu in ce tsohon bai san abin da yake yi ba? Uwarsa ta ɗaga tabarma, in saka mata da zagin ɗanta?"

Na ce, "Baba bai ga ƙarfen ba. Kai ka gani."

Ya ce, "Na gani. Ke ma kin sani. Ya isa."

Na yi masa bayani da harshe biyu. Na zage shi da ɗaya. Na ce masa Baba ya zauna ne don ya dawo gida, ba don ya ruɓe a nan ba. Ya ce, "Baba ya zauna ne don kada a kashe kowa, kuma ba a kashe ba. In na buɗe baki aka ji a can, wa zai sake zama?" Doyle ya je sau uku. A na ƙarshen ya fito ya zauna a motarsa bai tayar ba, ya ce mini shekara ashirin yana wannan aiki, ya ga masu laifi da yawa suna rantsuwa ba su yi ba, amma bai san yadda ake kare mutumin da ya ƙi ɗaukar tasa gaskiyar ba.

Ranar shari'a aka kawo shi cikin kwat mai gajeren hannu. Mutanen da za a zaɓa suna jira a wani ɗaki, wasu da jarida, wata da saƙa. Magatakarda ya sake karanta tuhumar ya tambaye shi. Lafaele ya ɗago kai, ya kalli alƙali a tsakiyar ido, bai ƙifta ba, ya ce ya amsa laifi. Wata uku muna koya masa wannan kallon, Goggo. Ya iya sosai.

Aka sallami masu jarida da mai saƙa.

Ranar yanke hukunci Doyle ya kawo maganar ifoga don neman sassauci, har ya ari aikin digirina ya karanta wa kotu wasu shafuka. Alƙali ya ce al'ada ce mai ban sha'awa, kuma ta nuna nadama. Ya rage wani abu. Shekara biyar, zai iya neman a sake shi bayan uku. Ba a ambaci ƙarfe ba ko sau ɗaya. Uelese yana zaune a layin baya, ya fita kafin a tashi.

Ina ta komawa kan layin nan da na rubuta miki a watan Maris. Mutanen kirki in ƙanensu na gidan yari addu'a suke rubutawa. Ni ba'a na rubuta.

Lafaele ya ce in gaya wa Baba ya gode. Ya ce in gaya miki kada a ajiye aladen, a ci.

Sieni


Savai'i, 9 ga Satumba, 1991

'Yata,

Ina gaishe ki. Tarin babanki ya yi sauƙi, amma ba ya nisa da gida yanzu. Ni ina nan.

Takardarki ta "ku jira" ta iso mako biyu bayan an gama. Na karanta ni kaɗai, na sa ta ƙarƙashin Littafi, ban nuna wa kowa ba. Na dai tsaya ina tambayar bango: Sarauniya ce ta yi naƙudar Peni? Bangon bai amsa ba.

Wannan ta ƙarshen kuwa na karanta wa babanki duka, ban yi tari ba ko a wurin Uelese. Ya ɗauki sandarsa ya je bakin teku ya zauna har ruwa ya janye. Da ya dawo ya tambaye ni ko za a iya ƙara wa hannun kwat ɗin tsawo.

Game da ba'arki, kada ki ɗauki kanki da girma haka. Kin ɗauka layi ɗaya daga Sydney ne ya zaunar da babanki a laka? Adduna ne suka zaunar da shi. Ko da kin rubuto ku jira da jan biro, da mun jira mako ɗaya mun je. Da na san abin da zai jawo wa yaron, ban san me zan yi ba. Na yi ta tunani, har yau ban sani ba. Ke kina da ƙane ɗaya a gidan yari. Ni a lokacin ina da samari tara suna wasa ƙarfe a bayan kicin.

Ranar Lahadi bayan coci Losa ta tare ni a bakin rafi. Ta ji hukuncin. Ta riƙe hannuna ta ce, "Telesia, na san ɗana. Tun yana rarrafe, in ya yi fushi sai ya nemi abin da zai riƙe. Ba wanda ya gaya mini komai, ban kuma tambaya ba. Kin ɗauka don me na fito da kaina ran nan?"

Na ce, "To Losa, ki faɗa."

Ta ce, "In faɗa wa wa? Kabarinsa a ƙofar ɗakina yake. Ni nake share shi kowace safiya."

Muka tsaya a nan mu biyu kamar waɗanda suka manta hanyar gida. Sannan ta ce in gaida Lafaele. Ki kai masa wannan gaisuwar yadda na faɗa miki, kada ki gyara, kada ki yi ba'a. Ki ce masa uwar Peni ta sani.

Gidan nan yanzu ba shi da tabarma. Na yanko ganye, na dafa, na jiƙa a teku, yana shanye a rana. Irin ta Kaka ba ta saƙuwa ƙasa da shekara uku, kuma idona ba kamar da ba ne. In kin samu hutu ki zo ki riƙe mini gefe ɗaya. Kin yi shekara biyu kina rubutu a kanta, ki zo ki taɓa ta. Ina so ranar da zai sauka daga jirgi ta kasance a gama, mu shimfiɗa masa ya zauna a kai.

Goggonki,
Telesia